Ni AS, Shi AS: Gwaggo Ta Ce Mu Haifi Uku Mu Tsaya

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 24, kuma shekara uku ke nan muna tare da wanda nake son aura. Magana ta yi nisa, har manya sun shiga ciki. Watan jiya muka je gwajin jinotaif, sakamako ya nuna ni AS, shi ma AS. Tun ranar ban sake barcin kirki ba. Shi cewa yake Allah ne mai ba da lafiya, mu daina biye wa takarda. Gwaggona ta ce ai ɗaya cikin huɗu ne ke fitowa sikila, don haka mu haifi uku mu tsaya. Mama kuwa ba ta ma yarda da zancen ba, ta ce ita ta haife ni, ba ta taɓa ganin na yi ciwon ƙashi ba, kuma kaf danginmu babu mai wannan cuta. Wata ƙawata kuma ta turo mini tallan wani magani da aka ce yana mayar da AS ya koma AA cikin wata uku. Anti, ni kaina ban gane me AS ɗin yake nufi ba, balle in yi wa Mama bayani. Ki taimake ni don Allah.

Daga wata 'yarki.

Wa alaikumus salam 'yata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda na fi tsayawa shi ne wurin da kika ce ke kanki ba ki gane me AS yake nufi ba. Laifin ba naki ba ne. Namu ne mu ma'aikatan lafiya, da muke miƙa wa mutum takarda mai haruffa biyu, mu ce masa "ba ku dace ba", mu kira na gaba. Mutum huɗu sun ba ki shawara, kowa da tasa, kuma babu mai nufinki da sharri a cikinsu. Kafin mu auna maganarsu, bari mu leƙa cikin jinin tukuna.

Jan da kike gani a jini na wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya iya gani, jajayen ƙwayoyin jini. Ɗigo ɗaya yana ɗauke da miliyoyinsu. Aikinsu dako ne: su ɗauko iskar oksijin daga huhu su kai ta kowane lungu na jiki, tun daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. A cikin ɓargo ake ƙera su, kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kuma kowace ƙwaya takan yi kamar kwana 120 tana aiki kafin saifa ta tsince ta ta kawar. Zagayayyiya ce, da ɗan loɓawa a tsakiya, ga ta da taushi. Taushin nan ki riƙe shi, don a kansa maganar take. Akwai hanyoyin jini da suka fi ƙwayar kanta ƙanƙanta, sai ta lanƙwasa jikinta ta matsu sannan take wucewa, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke riƙe iskar a cikin ƙwayar wani sinadari ne da ake kira himoglobin. Haruffan da ke kan takardarki, A da S, sunayen nau'o'insa ne. A shi ne wanda yawancin mutane suke da shi. Bambancinsa da S kuwa ɗan mitsitsi ne. Ki ɗauka sarƙa ce mai duwatsu 146 a jere, a S dutse na shida kaɗai aka sauya da wani. Wani masani mai suna Vernon Ingram ne ya gano cewa dutse ɗaya tak ne ya bambanta su, a Kambirij ta Ingila, tsakanin 1956 da 1957. To amma ga ɓarnar dutsen nan guda: da zarar himoglobin S ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya riƙa mannewa da 'yan'uwansa, su zama dogayen sanduna masu tauri a cikin ƙwayar. Sai ƙwayar ta sandare, ta lanƙwashe kamar lauje. Daga kalmar lauje ta Turanci ma sunan sikila ya samo asali, tun bayan da wani likita a Shikago, James Herrick, ya ba da bayanin waɗannan ƙwayoyi a 1910, bayan an gan su a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada.

Ƙwaya mai siffar lauje tana jawo abu biyu. Na farko, ba ta iya matsuwa ta wuce, sai ta maƙale, na bayanta su taru a kanta, hanya ta toshe. Naman da ke gaban wurin ya rasa iska, shi ne azabar ciwon da masu amosanin jini, wato sikila, suke ji a ƙashi, a ƙirji, a baya, a ciki. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓi da gajiya duk suna iya tayar da shi, wani lokaci kuma haka kawai yake zuwa. Na biyu, ba ta daɗewa. Maimakon kwana 120, kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe. Ɓargo ya yi ta ƙoƙarin cike gurbi ba ya cim mata, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake, idanunsu kuma su yi rawaya, wato ciwon shawara (ba irin shawarar da kika zo nema ba). Saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, takan lalace tun suna ƙanana, don haka zazzaɓin da wani yaro zai yi ya tashi, shi yana iya kai shi lahira cikin yini ɗaya. Idan kuma toshewar ta faru a ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma inda ba a bibiyar yaran, kusan ɗaya cikin goma yakan gamu da ita kafin ya kai shekara 20.

Jaririn SS, wato mai sikila da ya gaji S daga uwa da uba duka, lafiya lau ake haihuwarsa, ɓul-ɓul, saboda himoglobin ɗin da ya fito da shi daga ciki wani nau'i ne daban, F, wanda ba ya yin sanda. Sai wajen wata shida, da F ya ja baya, abin yake bayyana. Ba na manta wani dare da aka kawo mini yaro ɗan wata takwas, bayan hannuwansa da na ƙafafunsa sun kumbura suntum, sun yi zafi. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe, sai buɗe baki kawai yake. Uwar ta kasa rungume shi, don duk inda ta taɓa sai ya zabura, sai ta shimfiɗa shi a kan cinyarta ta ɗaga hannuwanta sama, tana kallona. Uban yana tsaye a bakin ƙofa da takardar gwaji a hannu, ya ninke ta ya buɗe ya fi sau goma. Ɗansu na fari ne.

Yanzu maganar Mama. Gaskiya ta faɗa, ba ki taɓa ciwon ƙashi ba, kuma ba a sa ran ki yi. Kowane mutum umarni biyu yake gada na yadda jikinsa zai ƙera himoglobin, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ke kin gaji A ɗaya da S ɗaya. A cikin kowace ƙwayar jininki A ya fi S yawa, yana shiga tsakani ya hana sandunan haɗuwa. AS ba cuta ba ce. Iyaka dai ki kula da shan ruwa, kada ki yi aikin ƙarfi na fitar hankali cikin zafi da ƙishirwa, kuma in kin taɓa ganin jini a fitsari ki je asibiti. Amma inda Mama ta ce babu shi a dangi, a nan sai kin bi a hankali, domin S ɗin da ke jikinki bai faɗo daga sama ba. Ko ita ko Baba, ɗayansu yana ɗauke da shi, wataƙila ma su duka. Yana iya bin zuriya kaka da kakanni ba a sani ba, muddin mai shi yana auren AA. Kuma a da, yara nawa aka binne aka ce zazzaɓi ne, ba wanda ya gwada jininsu?

Ki faɗa mata wannan, zai sanyaya mata rai: S ba abin kunya ba ne, garkuwa ce. A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna daga aikinsa a Gabashin Afirka cewa masu AS suna da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ya yawaita a duk inda sauro ya daɗe yana kisa, a Afirka, a Indiya, a ƙasashen Larabawa da gaɓar Bahar Rum. Yaran da suke da shi sun fi tsira, suka girma suka haifa. Wataƙila ba don S ɗin nan ba, da wani kakanki bai kai ga haihuwa ba. Kariyar ba cikakkiya ba ce fa, kada ki jefar da gidan sauronki.

Sai Gwaggo. Ita ce ta fi kowa kusa da gaskiya, shi ya sa maganarta ta fi ba ni tsoro. Ɗaya cikin huɗu daidai ne. Fassarar ce ta karkace. Kada ki yi musu da ita, gani ya kori ji. Ki samo kofi biyu da maɓallan riga huɗu, biyu farare biyu jajaye. A kowane kofi ki saka fari ɗaya da ja ɗaya. Kofi ɗaya ke ce, ɗayan shi ne. Fari A, ja S. Ki zaunar da Mama da Gwaggo, ki ce Mama ta rufe ido ta zaro maɓalli ɗaya daga kowane kofi. Abin da ya fito shi ne ɗa guda: fari da fari AA, fari da ja AS, ja da ja SS. Ki rubuta a takarda. Sannan, ki lura da kyau, ki mayar da maɓallan cikin kofunansu ki girgiza kafin a sake zarowa.

Mayarwar nan ita ce karatun gaba ɗaya. Lissafin Gwaggo ya ɗauka kamar 'ya'ya huɗu ne a jere cikin jaka, SS yana can ƙasa yana jiran a ƙare da ukun farko. Jiki ba haka yake aiki ba. Haihuwar ɗa AA ba ta rage S ɗin da ke jikinki, haihuwar SS ma ba ta ƙarar da shi. Kowane ciki sabon zarowa ne daga cikakken kofi, kuma kofin bai san abin da ya fito jiya ba. Ku yi sau ashirin ko talatin. Za ku ga ja da ja ya fito a karon farko, ko ya fito sau biyu a jere, ko a yi sau takwas bai leƙo ba. Na ga gida mai 'ya'ya biyar babu SS ko ɗaya, na kuma ga gida mai 'ya'ya uku duka SS, iyayen duk AS da AS ne.

Ga lissafin shawararta. A ɗauki ma'aurata 64 irinku, kowanne ya haifi uku ya tsaya. Kimanin 27 ne za a sa ran su tsallake ba tare da SS ko ɗaya ba. Sauran 37 za su sami aƙalla ɗaya, wato kusan kashi 58 cikin 100. Ko biyu kuka tsaya, kusan kashi 44 ne. In kun kai huɗu, ya haura kashi 68. Dabarar da aka kawo don kauce wa abin, ita kanta ta fi kusa da faɗawa cikinsa fiye da tsallake shi.

Maganin ƙawarki ba zan ɓata miki lokaci a kansa ba: ƙarya ne. Umarnin S a rubuce yake cikin ƙwayoyin halittarki tun ranar da aka ɗauki cikinki, kuma babu abin sha ko na haɗiya da ke goge shi. Masu ba da shaidar cewa sun koma AA, ko dai gwajin farko kuskure ne, ko na biyun, ko an yi musu ƙarin jini kwanan nan aka gwada jinin wani a jikinsu, ko kuma biyansu aka yi. Ko masu SS da aka warkar da gaske, ta hanyar dashen ɓargo, ko ta sabon maganin gyaran ƙwayar halitta mai suna Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, ɓargonsu kaɗai aka sauya. S yana nan cikin ƙwan haihuwarsu, kuma za su gadar wa 'ya'yansu. To ina ga abin cikin kwalba?

Abin da zan ce ki yi shi ne ku sake gwajin, sau ɗaya, a wurin da aka yarda da aikinsa. Ana yin kuskure, na sha gani. Ki tambaya a yi muku wanda ake kira elektroforesis, ko wanda ya fi shi tantancewa mai suna HPLC. Akwai wani gwaji na gaggawa da ke nuna akwai S kawai, bai iya raba AS da SS, wannan bai wadatar ba. Idan an yi wa ɗayanku ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, ku dakata. Ku je tare, a ɗebi jinin a gabanki, ku karɓi sakamakon tare. Ba zarginsa nake ba, amma so yana sa mutumin kirki ya yi abin da bai taɓa zato ba, kuma takardar bogi ba ta sauya abin da ke cikin kofi. Kada kuma ku yi ta yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan har sai kun sami mai rubuta muku AA. Wani abin da ke rikita mutane: rukunin jini, wato A, B, AB da O, daban yake da wannan. Mai rukunin A yana iya zama AS, har ma SS.

Saura shi. Ban ji haushin maganarsa ba, tsoron rabuwa da ke ne ya fito da rigar tawakkali. Lafiya ta Allah ce, haka ne. Ilimin da ya nuna muku abin da ke jininku kafin aure ma nasa ne, kuma iyayen yaron nan ɗan wata takwas da sun same shi da sun gode. Ni ba malama ba ce, ku tambayi malamin da kuka amince da shi. Iyakar abin da zan tuna masa: ku biyu ne za ku yanke hukunci, amma ciwon a jikin wani na uku zai sauka, wanda ba a tambaye shi ba.

Don kada in zalunce ku, ga ɗaya ɓangaren. SS a yau ba hukuncin kisa ba ne. Idan an gano yaro tun yana jariri, aka sa shi a kan fenisilin kullum har ya kai shekara biyar, ya sami alluran rigakafinsa cif, ana kare shi daga sauro, ana duba hanyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa da na'ura duk shekara tun daga shekara biyu, labarin yana sauyawa ƙwarai. Akwai maganin haidroksiyuriya da ke sa jiki ya koma ƙera himoglobin F ɗin nan na jarirai, yana rage yawan tashin ciwo. A ƙasashen da ake yin duk wannan, fiye da tara cikin goma na yaran suna kai wa girma. Na san masu sikila da suka yi karatu mai zurfi, suka yi aure, suka haifa, kuma babu wanda ya isa ya ce musu zuwansu duniya kuskure ne. Akwai kuma hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, a tantance kafin a dasa a mahaifa, sai dai tana da tsada sosai, ba ko'ina ake yi ba, kuma ba kullum cikin yake kamawa ba. Ana iya gwada ɗan tayi ma tun cikin yana kusan wata uku, amma wannan sani kawai yake bayarwa. Abin da za a yi da sanin magana ce mai nauyi ta addini da doka, kada ku shiga aure kuna dogaro da ita.

Kin ce in taimake ki, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da 'yar cikina ce ta zo mini da wannan takarda, gwaji na biyu ya tabbatar, zan ce ta haƙura. Zan faɗa ina sane da cewa shekara uku ba kwana uku ba ce, kuma za ta yi kuka ta ji haushina. Dalilina shi ne na daɗe ina kwana a ɗakin yaran nan, na ga soyayyar da ta fi taku tsufa ta koma "daga wajenki ne", "a'a, daga wajenka ne" a bakin gadon asibiti. Na ga kuma waɗanda suka riƙe juna gam har yaron ya girma, ba zan ɓoye miki su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, hukuncin naku ne. Abin da ba zan yarda da shi ba kawai shi ne ku yanke shi a kan lissafin Gwaggo ko kwalbar ƙawarki.

Kafin ku ce e ko a'a, ku nemi asibitin da ke da ranar ganin masu sikila, ku roƙi izinin ma'aikatan, ku je ku biyu ku zauna tun safe. Idan wata uwa ta yarda ta yi magana da ku, ku tambaye ta sau nawa aka kwantar da ɗanta bana, wa ke kwana da shi, ya aikinta ya kasance, ya sauran yaran. Ku tambayi wani babba mai SS shi ma, ya faɗa muku da bakinsa. Ki bar saurayinki ya yi tambayoyinsa, kada ki yi ta kallon fuskarsa kina jiran ya karaya. A hanyar komawa ma ba sai kun yi maganar ba, ku ba ta kwana biyu.

Ki rubuto mini bayan gwaji na biyu. Ƙannenki kuma, in kina da su, ki sa Mama ta kai su a gwada su tun yanzu, tun zuciyarsu ba ta kama kowa ba.